Bayan rasuwar Inna na koma gidan tsofaffi da kare a hannu

Ni mace ce, na ba shekara hamsin baya, kuma a Amurka nake zaune tun ina da sauran ƙuruciya. Ban tashi da kare ba. Tsoronsa ma nake ji, in na hango shi a hanya sai na tsallaka titi. Yau kuwa duk mako ina riƙe da igiyarsa muna bin ɗaki-ɗaki a gidajen kula da tsofaffi, aikin sa kai, ba a biyana ko sisi. Ciwon mahaifiyata ne ya kai ni, shi ya sa zan fara daga nan.

Ciwon mantuwa ya shigo mata a hankali. Da farko sunan abu ne zai ɓace mata, ta tsaya tana nuni da hannu. Daga baya ta fara barin wuta a kunne, tana buɗe ƙofa cikin dare wai za ta gidan da ta bari tun tana yarinya. Na riƙe ta a wurina iyakar ƙarfina, aiki da rana, gadi da dare, har ta faɗi a banɗaki ƙashin ƙugunta ya karye. Daga asibiti ba ta sake komawa gida ba. Likitoci suka ce sai inda akwai masu jinya dare da rana da na'urar ɗaga mutum daga gado. Ni na rattaba hannu a takardar. Kowa yana ce mini na yi daidai, zuciyata tana ce mini na yar da uwata.

A wannan gidan na lura da wani abu da har yau shi ne tushen aikin da nake yi. Inna tana shan taɓawa daga safe zuwa dare: a yi mata wanka, a juya ta, a auna jininta, a ba ta abinci a baki. Amma duk taɓawar aiki ce, da safar hannu, cikin sauri. Ita ba ta taɓa kowa, kuma ba mai neman komai a wurinta. Matar da ta ƙare rayuwarta tana ciyar da mutane ta koma sai dai a yi mata. Akwai wata mai aikin sa kai da ke zagayawa da kare, ni kuwa nakan ɗaga mata hannu tun daga ƙofa alamar ta wuce. Wata rana sai na ga idon Inna yana bin su. Na ce, "Inna, a shigo da shi?" Ta gyaɗa kai. Hannunta na dama da ya daɗe a dunƙule ya buɗe a kan kafaɗar karen, yatsun suka shige cikin gashin. Can ta ɗago ta dube ni da irin kallon da ta saba yi mini in na yi sakaci da baƙo, ta ce, "Yunwa yake ji. Ba a ba shi komai ba?" Ta yi watanni ba ta haɗa magana mai tsawon wannan ba.

Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Abin da ya biyo baya ba zan ja shi ba. Barci ya ƙaurace mini, na daina ɗaga waya, in na dawo aiki sai na zauna da kayan jikina har dare ya raba. Likita ya ce ciwon damuwa ne, na karɓi magani na kuma fara ganin mai ba da shawara. Cikin wannan hali na je gidan da ake ajiye dabbobin da ba su da masu su, na ɗauko wani babban kare, ruwa biyu, mai sanyin hali. Dole ya sa na riƙa fita safe da yamma, ko ina so ko ba na so.

Da na nemi shiga aikin ziyara, mai kula da masu sa kai ta saurari labarina ta ce in dakata tukuna. Na ji zafin maganar a lokacin, amma yanzu ni ma ita nake gaya wa sababbi. Wanda ya shiga da ɗanyen rashi, tsohon da ya je wa shi zai koma yana rarrashinsa, kuma mai hawaye a ido ba ya ganin abin da karensa ke ciki. Lokacin jiran na kashe shi wajen horo.

Abu na farko da aka warware mini shi ne karen ziyara daban, karen taimakon nakasassu daban. Na biyun an horar da shi ya yi wa mutum ɗaya wani aiki takamaimai, kamar yi wa makaho jagora, kuma dokar haƙƙin nakasassu ta 1990 ta ba shi damar bin mai shi kanti da gidan abinci da asibiti. Karen ziyara ba shi da wannan dama, inda aka gayyace shi kawai yake shiga. Tsarin ma bai wani daɗe ba. Wata nas mai suna Elaine Smith ta ga yadda marasa lafiya a Ingila ke sakin fuska in wani limamin coci ya shigo da karensa, da ta dawo Amurka ta kafa Therapy Dogs International a 1976. Ƙungiyar da ake kira Pet Partners yanzu ta samo asali a 1977, a Ingila kuma Pets As Therapy ta fara a 1983. Amfanin yin rajista da irin waɗannan ƙungiyoyi biyu ne: su ke jarraba ka da karenka, su ke kuma ba da inshora in tsautsayi ya faru. Yawancin gidaje ba sa buɗe ƙofa ga wanda ba shi da su, kuma za a binciki tarihinka kafin a bar ka kusa da tsofaffi.

Ba jinsin kare ake dubawa ba, halinsa ake dubawa, kuma a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Akwai karen da ke jure wa baƙo ya taɓa shi, akwai wanda ke neman baƙon da kansa. Na biyun ake so. Gwajin ba wuya: ka zaunar da wanda karen bai sani ba a ɗaki, ka saki igiya, ka yi shiru. In ya je ya shinshina ya dawo bayan ƙafarka, naka ne kai kaɗai, ka bar shi a gida cikin mutunci. In ya je ya jingina da mutumin ya tsaya, jiki a sake, to akwai abin ginawa. Horo yana gyara ja da igiya da tsalle, amma ba ya dasa son mutane inda babu shi. Girma ma yana da nasa. Karen da tsayinsa ya kai hannun keken guragu ya fi sauƙi, domin tsoho ba sai ya sunkuya ba. Ƙarami sai an ɗaga shi, kuma yana iya shiga tsakanin ƙafafu ya kayar da mutum. Ƙato kuma jelarsa kaɗai ta isa ta share kofi da tabarau daga kan tebur. Pet Partners ba ta karɓar kare sai ya cika shekara ɗaya kuma ya yi wata shida a hannun mai shi. A ganina yawancinsu ba sa natsuwa sai sun kai shekara biyu.

Cikin duk abin da za a koya masa, "bari" ya fi komai, domin ita ke tsakaninsa da ƙwayar maganin da ta faɗi ƙarƙashin gado. Ga yadda ake yi. Ka dunƙule ɗan abinci a hannu ka miƙa masa. Zai lasa, zai tura da hanci, kada ka ce komai. Da zarar ya janye kansa, ka yaba masa ka ba shi wani daga ɗaya hannun. In ya gane wannan, sai ka haɗa da kalmar. Daga nan ka ajiye abincin a ƙasa ka rufe da tafin ƙafa, sannan a buɗe, sannan ka yar da shi kuna cikin tafiya. Abin da aka ce ya bari ba a taɓa ba shi shi, ko bayan an gama. In ka ba shi sau ɗaya, abin da ya koya shi ne "jira kaɗan", kuma ranar da ya ga ƙwaya zai jira kaɗan ya haɗiye. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a ƙarshen mako. Bayan wannan sai tafiya ba tare da jan igiya ba, da tsayawa a gefen kujera yana ba da kafaɗa, da ɗora haɓa a cinya in an umarce shi. Miƙa hannu irin na gaisuwa, wanda mutane ke sha'awa, shi na fara hana karena. Fatar tsoho kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, da yawansu kuma suna shan maganin tsinka jini, farce ɗaya sai ya yage ta jini ya ƙi tsayawa.

Sai sabo da kayan wurin. Keken guragu, sanda, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, gadon da ke motsi da kansa, lif, daɓe mai santsi, warin maganin goge ƙasa, ƙarar faranti in ya faɗi. Na ari keke da ƙarfen dogarawa na ajiye a falo, na bar shi ya shinshina su suna tsaye kafin a fara tura su. Ƙara kuma daga nesa ake farawa: wani ya yar da murfin tukunya a wani ɗaki, kai kana ba shi abinci, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. A jefa kare tsakiyar abin da yake tsoro, ya sandare, a ce ya saba. Bai saba ba, ya rasa mafita ne, kuma wannan tsoron zai fito wata rana a ɗakin wani. Haka nan sai an nemi mutane su taɓa shi da hannu mai rawa, su rungume shi ba daɗi, su ɗaga murya, su yi tafiyar ɗingishi.

Mutane da yawa kan fara da jarrabawar ladabin kare da ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, American Kennel Club, ta ɓullo da ita a 1989. Matakai goma ne, ciki har da karɓar baƙo, ratsa taro, haɗuwa da wani kare, da zama minti uku a hannun wani ba tare da mai shi ba. Jarrabawar ziyara ta fi ta tsanani, domin ana kwaikwayon abin da zai faru a gidan: mutane su yi masa rubdugu suna shafawa, wani ya bangaje shi ta baya, biyu su yi ta musu da ƙarfi. Gurnani ko kai cizo ko tsalle kan mutum suna kayar da kare nan take. Abin da ba a cika sani ba shi ne kai ma ana duba ka. Mai fizgar igiya, ko wanda ya shagala da hira karensa yana neman agaji, yakan faɗi ko da karen bai yi laifin komai ba. Kuma ba a ci sau ɗaya a huta, a Pet Partners duk shekara biyu ake sakewa.

Maganar lafiya ba a wasa da ita, domin garkuwar jikin mutanen da za ka je wa ta yi rauni. Allurar rigakafin ciwon haukan kare, ganin likitan dabbobi duk shekara, gwajin kashi saboda tsutsar ciki, maganin ƙuma da kaska. In maganin na ɗigawa a bayan wuya ne, nakan bar kwana biyu aƙalla kafin hannun wani ya taɓa wurin. Ɗanyen nama haramun ne ga karen ziyara. Yana iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela yana zubar da ita a kashi da yawu alhali shi lafiyarsa lau. Ƙa'idojin da ƙungiyar masana yaɗuwar cututtuka a asibitocin Amurka ta fitar a 2015 sun ce a hana duk dabbar da ta ci ɗanyen nama cikin kwana 90 da suka wuce. Gudawa, amai, tari, ciwon kunne, gyambo, duk suna soke ziyara, kuma ni sai ya yi mako guda da warkewa nake mayar da shi. Ni kaina in na tashi da mura, ba ma zuwa.

Shiri daga jajibiri yake farawa. Wanka cikin awa 24 kafin ziyara, da sabulu mara ƙamshi, domin turare yana tayar wa wasu da numfashi. A taje shi sosai, a goge kunne da haƙora. Farce kuma kada a yanke ranar, sabon yanka ya fi kaifi, a yanke kwana biyu kafin nan a goge bakin ya yi sumul. Ranar zuwa yakan ci abinci awa biyu kafin mu fita, mu yi tafiyar minti ashirin ya rage kuzari, ya yi fitsari da kashi kafin mu shiga. A jaka akwai kwanon ruwa, tawul, zanen gado masu tsabta, burushi mai laushi, ledar kwashe kashi, man tsabtace hannu da takardun likita. Igiya gajera, mita ɗaya da 'yan kai, da abin wuya na fata ko na ƙyalle. Igiyar nan mai miƙewa tana komawa da kanta ba ta shiga gidan tsofaffi, siririyar igiyarta tana naɗe ƙafa tana yanka fata.

In mun isa, wurin nas nake fara tsayawa, kuma tambayoyina ba sa canzawa: wa aka killace, wa ke da borin jini in ya taɓa gashin dabba, wa ke da buɗaɗɗen rauni, wa ya kwana a birkice, wa ya rasu. Na ƙarshen yana da muhimmanci, don kada ka shiga da fara'a ka tarar da maƙwabcin gadonsa yana cikin jimami. Ba ma shiga kicin, ba ma shiga ɗakin magani, ba ma zuwa lokacin cin abinci. A kowace ƙofa nakan ƙwanƙwasa, karen yana bayana, in ce, "Baba, barka da hantsi. Da kare na zo, ko kuna son mu shigo?" Akwai mai tsoro, akwai wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba ta yarda da taɓa kare ba, akwai wanda yau dai ba ya so. In ya ce a'a, sai in yi godiya in wuce, ba lallashi. Na ga sababbi suna cewa "ai ba ya cizo, ku gwada mana", raina yakan ɓaci. Mutumin da aka zaɓa masa lokacin tashi da na wanka da abin da zai ci, wataƙila wannan a'a ita kaɗai ce hukuncin da ya yanke da kansa ranar. Wani kuma ni yake so in zauna, karen ya kwanta can bakin ƙofa. Wannan ma ziyara ce.

Kafin karen ya sa ƙafa, idona yana ƙasa. Ƙwayar farasitamol ko ibuprofen ko maganin zuciya da ba ta zama komai ba ga mutum tana iya kai kare asibiti. Sai in duba robar iskar oksijin da ta ƙarin ruwa da jakar fitsari, in san ta inda za mu bi. Mai keke, a taka masa birki tukuna, a kawo karen ta gefe, ba ta gaba ba, don in ta gaba ne mutum zai sunkuyo ya rinjaya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ta ɓangaren mai lafiya ake zuwa, domin wasu ba sa ma ganin abin da ke ɗaya ɓangaren. Ni kuma sai in durƙusa, hannuna ɗaya a ƙirjin karen, in kai hannun tsohon kafaɗa ko gefen wuya. Yawancin karnuka ba sa son hannu ya sauko musu a ka daga sama. Igiya ba ta barin hannuna ko na daƙiƙa ɗaya. Mai son ya riƙe, ina da ta biyu da nake maƙala masa, tawa tana nan. Hawa gado sai da izinin nas, a shimfiɗa zane, kowane mutum da nasa zanen. Lasa babu ita, saboda yawu da kuma mayukan magani da ke jikin fatarsu. A tsabtace hannu kafin taɓawa da bayanta, domin gashin kare yana iya kwasar ƙwayar cuta daga wannan ɗaki ya kai wancan. Inda ake fama da gudawa a gidan, man hannu bai isa ba, sai ruwa da sabulu.

Inda aikin ya fi daɗi kuma ya fi haɗari shi ne wajen kyauta. Kusan kowa so yake ya ba karen wani abu, irin na Inna. Za ka ga an zaro biskit daga ƙarƙashin matashi, an ɓoye shi tun jiya saboda shi. To cakulan guba ne ga kare, haka inibi da zabibi, haka cingam da alewa marasa sukari masu sinadarin xylitol, waɗanda suka yi yawa a ɗakin masu ciwon sukari. Ba na cewa "a'a" kai tsaye, domin abin da nake nema ke nan tun farko, mutum ya ji yana da abin bayarwa. Sai in karɓa da hannu biyu in ce zan ajiye masa, in miƙa burushi in ce, "Mama, gashin wuyansa ya cukurkuɗe, ko za ku taimaka mini?" Na ga wadda ba ta iya riƙe cokali tana taje shi a hankali har minti goma, tana yi masa faɗa don ya motsa. Zuba masa ruwa a kwano ma aiki ne da nake ba masu iyawa.

Masu ciwon mantuwa suna da nasu tsarin. Da hantsi ake zuwa, domin da yawansu suna rikicewa in rana ta yi sanyi. Kalmar "kun tuna?" ba ta fita bakina, jarrabawa ce da mutum zai faɗi ya ji kunya. Abin da ke gabanmu muke magana a kai: laushin kunne, ɗumin jiki. In an kira shi da sunan karen da ya mutu shekara arba'in da suka wuce, ya amsa, ni ma na amsa. Wani lokaci hannu yakan damƙe gashi ko kunne ya ƙi saki, ba da mugunta ba. Kada ka ja karen. Ka zura yatsunka ƙarƙashin tafin, ka sa tawul ko burushi a madadin, kana magana a hankali. In kuma an samu ko ƙwarzane ne, nas za ta ji nan take, a rubuta, a sanar da ƙungiya ranar. Akwai abin da ba hurumin mai ziyara ba ne ko an roƙe shi: ɗaga mutum, kai shi banɗaki, ba shi ruwa. Wasu ruwan da aka kaurara kawai suke iya haɗiya, kofi ɗaya na tausayi sai ya sarƙe su ya sauka a huhu. Hoto da sunaye kuma suna tsayawa a cikin gidan.

Duk wannan lokaci rabin hankalina yana kan karen, domin shi ba shi da bakin cewa ya gaji. Hamma ba barci, lasar leɓe ba abinci, haki ba zafi, kau da kai, farin ido ya bayyana, jela ta sauka, girgiza jiki kamar ya jiƙe alhali a bushe yake, ko ya riƙa kallon ƙofa. In na ga biyu daga ciki, mun fita shan iska. In bai warware ba, mun tafi gida, ko saura ɗaki nawa. Kare ba ya cizo haka kawai, sai an yi ta watsi da waɗannan alamun. Minti biyar zuwa goma a kowane ɗaki, hutu bayan kowane minti ashirin, gaba ɗaya awa guda. Pet Partners ta yarda har awa biyu a rana, amma ƙa'idojin 2015 ɗin nan awa ɗaya suka ce, kuma na fi gamsuwa da su. Bayan ziyara karena yakan yi barci har yamma.

Ana yawan zuzuta abin, ni kuwa ba na so. Kare ba ya warkar da mantuwa, ba ya dawo da 'ya'yan da suka daina zuwa. Abin da na sani shi ne wani bincike da Marian Banks da William Banks suka buga a 2002 a kan mazauna gidajen kula da tsofaffi ya nuna ziyarar minti 30 sau ɗaya a mako ta rage musu jin kaɗaici. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani, tare da sharaɗi ɗaya: a riƙa zuwa. Mai zuwa sau uku cikin ɗoki ya ɓace gara bai fara ba, don akwai masu sa a yi musu wanka da wuri a tura su bakin ƙofa ranar da suka san za mu zo.

Mutuwa kuwa tana cikin aikin. Za ka zo ka tarar an cire suna daga ƙofa, an naɗe katifa, karen ya ja ka wajen ya tsaya. Farkon lokuttan da hakan ta faru, rashin Inna ne ya dawo mini sabo, na koma wurin mai ba ni shawara. A watan Maris na 2020 aka rufe gidajen ga masu ziyara saboda korona. Muka koma tsayawa ta bayan taga, wanda ba ya wadatar da mai buƙatar taɓawa. Da aka buɗe, sai da na sake sabar masa da lif da keke da taro kamar sabon shiga, kuma da yawan waɗanda muka sani ba mu tarar da su ba.

Nauyin takardar nan da na sa wa hannu bai sauka duka ba, amma ya daina hana ni barci. Da na daɗe ina shiga waɗannan ɗakuna na ga irin jinyar da mutum ɗaya ba zai iya ba, komai ƙaunar da yake yi wa uwarsa.

Karena ya tsufa yanzu. Furfura ta cika masa baki, sanyin gaɓoɓi ya kama ƙafafunsa na baya, daɓe mai santsi yana ba shi wuya. Na rage ziyarar zuwa rabin awa, hawa ɗaya, kuma na daina barinsa ya hau gado. Alamar da nake jira ita ce ranar da zan ɗauko ɗan ƙyallen da nake ɗaura masa a wuya ya kau da kai, ko ya ƙi sauka daga mota. Ranar ya yi ritaya, ko mutanen suna tambayarsa. Na ɗauko ƙaramin da nake fatan ya gaje shi, amma gwajin baƙo ya nuna nawa ne ni kaɗai, don haka yana gida abinsa. Yanzu rabin lokacina yana tafiya wajen raka sababbin masu sa kai a ziyarce-ziyarcensu na farko, ina bayansu ina duba ƙasa da jelar karensu. Wata mai kamawa likitan dabbobi zai sake duba ƙafafun tsohon, abin da ya ce shi zan bi.